Sauri Ya Haifi Nawa: Jiragen Siminti Na 1975 Da Dokar Ba Da Kwangila A Nijeriya



A cikin watan Yuli na shekarar 1975, duk wanda ya tsaya a bakin teku a birnin Ikko ya ɗaga kai, abin da zai gani shi ne jiragen ruwa reras har iyakar ganinsa. Sun haura 400, kuma wajen 260 daga cikinsu ba abin da suka ɗauko sai siminti. Suna tsaye ne suna jiran layi ya zo kansu su shiga tashar Apapa su sauke kaya, kuma da yawansu sai da suka shafe watanni a nan. Kowace safiya ta Allah kuwa ana rubuta wa gwamnatin Nijeriya bashin kuɗin zaman jira, da dalar Amurka, don kawai jirgi ya kwana a kan ruwa. Jaridun Turawa suka laƙaba wa abin sunan da ke nufin rundunar jiragen siminti, sai ka ce yaƙi aka kawo wa ƙasar.

Abin da ya tuno mini da wannan tsohon labari wata gardama ce da ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar. Wani abokinmu ɗan kwangila, wanda ya kai wa wata ma'aikata kujeru da teburan makaranta ya shafe watanni yana safa da marwa a kan kuɗinsa, ya zo ransa a ɓace yana ta faɗa da dokar bin ƙa'ida. Ya ce ita ce ta kashe aiki a ƙasar nan, takarda kan takarda, kwamiti kan kwamiti, kafin a ba ka aikin wata biyu sai ka yi jiran wata takwas. Ya ce ya ji a da babban sakatare kan sa hannu a kwangila da safe, kafin azahar an fara aiki. Wani dattijo da ke zama da mu, wanda ya shiga aikin gwamnati tun zamanin Gowon, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wannan zamanin da kake yabo ni na gan shi da idona. Je ka nemi labarin siminti." To, na je na nema.

Amma bari mu ɗan koma baya kaɗan. A zamanin Turawa, in gwamnati na bukatar abin da babu shi a ƙasa, kamar kan jirgin ƙasa ko injin ruwa ko magani, takarda ake rubutawa zuwa Landan ga wani ofishi mai suna Crown Agents, su saya su auno a jirgi. Abin na ɗaukar watanni, amma ba wanda ke gaggawa, kuma sayayyar ba ta taka kara ta karya ba. A nan Arewa kuma ga En'e da baitulmalinta, wanda aka fara kafawa a Katsina zamanin Sarki Dikko. Ma'aji ba ya fitar da sisin kwabo sai abin da ke cikin kasafin da Razdan ya amince da shi. Da aka doshi 'yancin kai sai aka yi dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958, kuma a kanta ne, tare da takardun umarni da baitulmalin tarayya ke aika wa ma'aikatu, aka riƙa ba da kwangila har kusan shekara hamsin. Takardar umarni kuwa ba doka ba ce. Wanda ya rubuta ta yau yana iya rubuta wata gobe ya shafe ta, kuma ɗan kwangilar da aka zalunta ba shi da abin riƙewa a gaban alƙali. Tun a 1966 ma, sojojin da suka yi juyin mulkin farko sun ambaci masu karɓar kashi goma na kuɗin kwangila a cikin laifukan da suka ɗora wa 'yan siyasa.

Sai ga fetur.

Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ya bar ƙasar da soja wajen 250,000, alhali kafin yaƙin ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Waɗannan mutane suna bukatar bariki, don da yawansu a rumfunan wucin gadi suke da iyalansu. A Oktoban 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, farashin gangar mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. A lokacin ne aka yi ƙarin albashin Udoji, aka tsara shirin raya ƙasa na uku na 1975 zuwa 1980 a kan Naira biliyan 30, ga shirin bikin FESTAC, ga azuzuwan da za a gina don ilmin firamare kyauta. A lokacin ne kuma aka yi maganar nan da har gobe ake jingina wa Janar Gowon, cewa matsalar Nijeriya ba kuɗi ba ne, yadda za a kashe su ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka siminti yake ci, kuma masana'antun gida, irin su Nkalagu da Ewekoro da ta Kalambaina a Sakkwato, ba za su iya ƙosar da kasuwar ba.

Mai karatu, a nan ne lissafi ya kwance. Bisa ga abin da ya fito daga baya a kotunan Ingila da Amurka, hukumomin gwamnati sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, a kawo cikin shekara guda. Sama da tan miliyan 16 daga ciki an ƙulla su ne cikin kwangiloli 109 da kamfanoni 68, a kan kuɗi kusan dala biliyan 1, kuma Ma'aikatar Tsaro ce uwa da makarɓiya a wannan ciniki. Abin da ma'aikatar ke bukata don barikokinta bai kai tan miliyan 3 ba. Simintin da ƙasar ta saba shigowa da shi a shekara kuwa wajen tan miliyan 2 ne. In ka san tan guda buhu 20 ne, to tan miliyan 16 buhu miliyan 320 ke nan. Ka kwatanta wannan da tashar da ko kayan da ta saba saukewa da ƙyar take iyawa da su.

Me ya kawo haka? Hujjar da aka bayar ita ce, a baya in aka ba da oda, kaɗan ne daga cikin 'yan kwangila ke cika alkawari, don haka aka ɗauka wajen kashi ɗaya cikin biyar ne kawai za su kawo kayan. Wato an yi oda ninki biyar don a sami ɗaya. Sai dai an manta da abu biyu. Na farko, an haɗa kowace kwangila da takardar lamunin banki wadda ba a janyewa, daga Babban Bankin Nijeriya, ana biya ta hannun manyan bankuna a New York da Landan. Ma'anar wannan takarda ita ce da zarar mai kaya ya nuna shaidar ya loda siminti a jirgi, kuɗinsa sun tabbata, ko jirgin ya sauke ko bai sauke ba. Na biyu, a shekarun nan kasuwar duniya ta faɗi, jiragen ɗaukar kaya na zaune ba aiki. Ga ciniki na wajen dala 60 a kan kowane tan, ga lamunin babban banki na ƙasa mai mai, ga kuma sharaɗin cewa in jirgi ya iso bai sami wurin saukewa ba za a riƙa biyan sa kuɗin jira, wanda a wasu kwangilolin ya kai dala 3,500 a rana. Wa zai ga wannan banza ya ƙyale? Kowa ya cika alkawari, har da waɗanda ba su taɓa sayar da ko buhu guda ba, suka karɓi takarda suka sayar wa wasu. An ba da labarin tsofaffin jiragen da saura ƙiris a kai su maƙera a farfasa, amma aka loda masu siminti aka turo su, don an gane zaman jiran ya fi jigilar riba.

Yi lissafi da kanka. In aka ɗauki jiragen nan 260 a kan dala 3,500 kowanne, dala 910,000 ke nan a yini guda. Siminti kuma ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Laimar teku ta shiga shi, wani ya daskare ya zama dutse tun a cikin jirgi. Abin da ya fi ciwo shi ne sauran jiragen da ke cikin layin, masu ɗauke da abinci da magani da injinan masana'antu, su ma an rufe masu ƙofa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran yadinsa da asibitin da ke jiran maganinsa duk sun biya kuɗin wannan siminti ba tare da sun saya ba. A shekarar 1975 hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma cunkoson tashar yana da nasa kason a ciki.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon na taron ƙungiyar haɗa kan Afirka a Kampala, aka hamɓarar da gwamnatinsa, Murtala Muhammad ya hau. Cikin kwana goma sha ɗaya, ranar 9 ga Agusta, hukumar tashoshin ruwa ta fitar da sanarwa cewa ba jirgin da zai taso ya nufo Nijeriya sai ya ba da sanarwar wata biyu. Aka buga wa kamfanoni waya su daina lodi. A ƙarshen Satumba aka umarci bankunan waje kada su biya kowa sai da sahalewar Babban Banki. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Belgore. Aikin kwashe cunkoson kuwa ya faɗa wuyan sabon kwamishinan sufuri na tarayya, wani matashin hafsa ɗan shekara 32 daga Katsina, Shehu Musa 'Yar'adua, Allah Ya jiƙan sa. Aka soke wasu kwangiloli, aka sasanta da masu wasu, aka riƙa sauke kaya a tsakiyar ruwa zuwa cikin ƙananan jirage. Aka kuma gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, wadda Julius Berger ya yi aka buɗe a 1977.

Kamfanonin da ba su yarda da sulhu ba suka garzaya kotu. Babban Banki ya ce shi hukuma ce ta ƙasa mai 'yanci, kotun wata ƙasa ba ta da hurumin tuhumar sa. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar kamfanin Trendtex na ƙasar Suwizalan, wadda mashahurin alƙalin nan Lord Denning ya zauna a kanta, ta ce a'a, wanda ya shiga kasuwa ya yi ciniki ba ya fakewa da rigar sarauta. Shari'ar wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Verlinden, wanda shi ma aka ba kwangilar tan 240,000, sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1983. Har yanzu ɗaliban lauya a ƙasashen nan suna karanta waɗannan shari'o'i. Wato dai mun ba duniya darasi, mu muka biya kuɗin makarantar.

To, ga inda nake son abokina ɗan kwangila ya tsaya ya duba. A duk wannan labari babu jinkiri ko kaɗan wajen ba da kwangila. Cikin 'yan watanni aka rattaba hannu a takardu 109. Abin da aka rasa shi ne mutum guda, a kan tebur guda, da zai tara alƙaluman nan ya ce: nawa muke bukata, nawa muka riga muka yi oda, nawa tasha za ta iya saukewa a wata? Waya guda zuwa hukumar tashoshin ruwa ta isa. Saurin da aka yi a ofis shi ya koma jiran watanni a teku da shari'ar shekara takwas a kotu.

Gwamnatin Murtala ta kori ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa bisa laifuka iri-iri, kuma jama'a sun yi ta tafi. Amma dattijonmu na majalisa yana da wani ra'ayi a kan wannan, kuma na ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ya ce daga ranar da ma'aikaci ya gane ana iya sallamar sa ta rediyo, sai ya koyi ɗaya cikin abu biyu: ko dai ya tara abin da zai tara da wuri, ko kuma ya daina sa hannu a kan komai, kowane fayil ya rubuta masa layi guda ya tura sama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An hukunta mutane, amma hanyar ba da kwangilar tana nan yadda take.

Jamhuriya ta biyu ta zo da nata salon, wato kuɗin kafin alƙalami. A ba ɗan jam'iyya kwangila, a ba shi wani kaso tun bai kai ko shebur wurin ba, ya sayi Marsandi ya ƙara aure, aikin kuma sai dai allo a bakin hanya. Zamanin Abacha aka gwada wata dabara, aka kafa asusun PTF a 1994 da rarar kuɗin man fetur, aka ba Janar Buhari ya riƙe. Dabarar ita ce a kewaye ma'aikatu gaba ɗaya, kuɗi na ajiye a gefe, ana aiki ana biya. Mutanen Arewa da yawa suna tuna hanyoyi da magunguna da gyaran makarantun PTF, wasu kuma har yau suna tambayar yadda aka riƙa zaɓen 'yan kwangilarsa. Obasanjo ya rushe shi a 1999. Ni abin da na ɗauka daga PTF shi ne, ita kanta gwamnati ta san inda ciwon yake, tunda duk lokacin da take son aiki ya yi sauri, abin da take fara yi shi ne ta ware masa kuɗinsa daban.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya duba yadda ake sayayya da ba da kwangila, rahoton ya fito a 2000. Ya nuna babu wata doka tsayayya, kwamitocin ba da kwangila sun yi yawa kuma ba su da ƙarfi, ana ba da aiki ba tare da an tanadi kuɗinsa ba, ana tsinka babbar kwangila gida-gida don kada ta kai matsayin da za a duba ta a sama. Adadin da jami'an gwamnati suka yi ta ambatowa bayan nan shi ne, a kowace Naira guda da aka kashe, kwabo 60 na zurarewa ta bayan gida. A 2001 aka kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa don sa ido kan kasafi da farashin kwangila, wanda kowa ya fi sani da Due Process, aka ɗora Obiageli Ezekwesili a kansa, har sunan ya bi ta aka riƙa ce mata Madam Due Process. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ba a ba da babbar kwangila, ba a kuma biya, sai ofishin ya ba da takardar shaidar an yi talla, an yi gasa, kuma farashin ba aringizo. Gwamnati ta yi iƙirarin an ceto sama da Naira biliyan 100 cikin 'yan shekarun farko. Amma tun a lokacin ministoci da 'yan majalisa suka fara kukan da abokina yake yi yau, cewa fayil na kwana a ofishin, shekara na ƙarewa ba a taɓa rabin kasafin ayyuka ba.

Ranar 4 ga Yuni, 2007, kwana shida da rantsar da shi, Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu a dokar ba da kwangila ta tarayya. Ikon Allah, yayan ne aka ba aikin kwashe jiragen siminti, shekara 32 bayan nan ƙanen ya sa hannu a dokar da aka yi don kada a maimaita irin wannan. Dokar ta kafa hukumar BPP ta gaji Due Process. Ta wajabta kowace ma'aikata ta tsara sayayyarta tun kafin shekara, kuma kada a ba da aiki sai kuɗinsa na cikin kasafi. Ta ce a yi talla a jaridu aƙalla mako shida kafin rufe karɓar tayi, a buɗe tayin a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, kuma da lamunin banki ko na inshora. Ta mai da tsinka kwangila laifi, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba. Da wannan doka na nan a 1975, kuma an bi ta, da odar tan miliyan 16 ba ta wuce tebur na farko ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, dokar ba ta kawo ƙarshen nawa ba. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ke bukatar Naira tiriliyan 7.78 kafin a gama su. Hanyar Kano zuwa Maiduguri an ba da kwangilar mai da ita tagwaye a 2006, yaron da aka haifa a shekarar ya gama sakandare ana kan aikin. Ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an ba da ita a ƙarshen 2017 da wa'adin wata 36, shekara bakwai bayan nan, a 2024, gwamnati ta soke kwangilar ɓangaren da ya rage ana jayayya a kan kuɗi.

To ina lokacin yake tafiya? Mako shidan talla ba su ne ke cinye shekara bakwai ba. Ɗauki shekarar 2018 misali. Kasafin da ya kamata ya fara aiki a Janairu ba a sa masa hannu ba sai 20 ga Yuni. Daga nan a yi talla, Agusta ta kama. A buɗe tayi, kwamiti ya zauna ya tantance, a aika BPP neman takardar amincewa, sannan fayil ya shiga layin majalisar zartarwa, wadda a lokacin take zama sau ɗaya a mako. A nan akwai wani abin mamaki: dokar 2007 ta tanadi wata majalisa ta musamman da za ta riƙa tsara manufofin sayayya da iyakar kuɗin da kowane mataki zai iya amincewa da shi, amma aka shafe fiye da shekara goma gwamnatoci na zuwa suna wucewa ba a ƙaddamar da ita ba, ministoci suka ci gaba da zama suna amincewa da kwangiloli ɗaya bayan ɗaya. Kafin a ba ɗan kwangila takarda, shekara ta zo gangara. Sannan a zo babbar magana, wato sakin kuɗi. Kasafi ya ce biliyan goma, baitulmali ya saki biyu. Ɗan kwangila ya yi aikin biliyan biyu ya kwashe injinansa. Baɗi farashin siminti da rodi da gas ya tashi, Naira ta faɗi kamar yadda ta yi a 2016 da 2023, sai ya dawo neman ƙari, neman ƙarin kuma ya sake bin layin da kwangilar ta bi tun farko. Ga diyyar masu gonaki da gidaje da ba a biya ba, ga zanen aikin da wani lokaci sai an ba da kwangila ake ƙarasa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum a bakin tasha muke fafe tamu.

An ɗan taɓa gyara. Kasafin 2020 an sa masa hannu tun 17 ga Disamba, 2019. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage wa'adin tallar kwangilar cikin gida, ta kuma ɗaga kafin alƙalami zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. A 2025 aka ɗaga iyakar kuɗin da sai ya kai sannan a kai fayil majalisar zartarwa, zuwa Naira biliyan 5 a sayen kaya, biliyan 10 a gine-gine. Amma gyaran da mai bin hanya ya fi gani da idonsa shi ne na sukuk, wanda aka fara a 2017 da Naira biliyan 100 don wasu hanyoyi 25, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Doka ɗaya ce, 'yan kwangila su ne dai na jiya, bambancin kawai kuɗin na ajiye da sunan aikin, injiniya ya tabbatar an yi, a biya. Sai ga injina sun motsa.

Ba mu kaɗai ne muka sha wannan wahala ba, kuma hanyar da ƙasashe da yawa suka bi ita ce mai da cinikin kan intanet. Koriya ta Kudu ta buɗe nata dandalin a 2002, Chile a 2003, Bangaladesh a 2011, Yukiren ta wajabta nata mai suna ProZorro a 2016, Ruwanda ma a shekarar ta fara, Ghana a 2019. Amfanin a fili yake: ba fayil da zai ɓata a durowar wani, ba 'yan daba da za su tare ƙofa ranar miƙa tayi, kuma kwamfuta na rubuta ranar da takarda ta shiga teburin kowa da ranar da ta fita. Wasu masana tattalin arziki sun bi diddigin abin a Indiya da Indunusiya, suka buga sakamakon a 2016. Ba su ga farashi ya sauka ba, wanda ya kamata masu cika baki da kwamfuta su lura da shi. Abin da suka gani shi ne ingancin hanyoyi ya ƙaru a Indiya, jinkirin kammala ayyuka ya ragu a Indunusiya, kuma dalili shi ne kamfanoni daga wasu yankuna, waɗanda ba su san kowa a ofishin ba, sun sami damar shiga gasa suna ci. A nan gida wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi dandalin bibiyar kwangiloli ta raɗa masa suna da Hausa, Budeshi, wato buɗe shi. Sunan ya burge ni. Sai dai kwamfuta ba ta sakin kuɗin da baitulmali bai saki ba.

Na koma majalisa na zayyana masu duk wannan. Dattijon ya gyaɗa kai bai ce komai ba. Sai na tambayi abokina ko ya san cewa dokar nan da yake zagi ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman kuɗi an kuma tabbatar da aiki, jinkiri ne, kuma akwai ƙarin da hukuma za ta biya a kai. Ma'aikatar da ya yi wa aiki tana ƙarƙashin dokar. Ya ce ya sani sarai, lauyansa ma ya gaya masa. Na ce to me ya hana ka nema?

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Malam, in na kai su ƙara a kan wannan, wa zai sake ba ni aiki?"

An biya shi bayan wata goma sha huɗu, daidai kuɗin da aka rubuta ranar farko, ba ƙarin sisi. Mai katakon da ya ba shi bashi ya riga ya karɓe motarsa. Makon da ya wuce na gan shi a shagon buga takardu, yana haɗa fayil ɗin neman wata kwangilar a ma'aikatar nan dai, kuma ya ce mini wannan karon ya ƙara kashi talatin a kan farashinsa, kuɗin zaman jira.